Sabuwar Motar Mai Awara

Man-seok na tsugune a gaban motar yana manna mata shuɗin salatif a bonet, layi bayan layi, lokacin da matarsa Sun-deok ta sauko daga bene da ƙunshin tsaraba niƙi-niƙi. Ta tsaya ta dubi motar, ta dubi mijin, sannan ta tambaye shi ko karaya motar ta yi da ake mata ɗori tun ba ta je ko'ina ba.

Ya danne bakin salatif ɗin da babban yatsa, ya ja baya ya ƙare wa aikinsa kallo. Shekaranjiya aka kawo motar, baƙa wuluk, sabuwa dal, har ledar kujerun ba a cire ba. Yanzu kuwa daga bamba zuwa rabin bonet duk ta koma shuɗiya, har madubai sun sha nasu.

Tun yana saurayi Pyo Man-seok yake sayar da awara a kasuwar Wonju, kuma duk abin hawan da ya taɓa mallaka sai da wani ya gama cin moriyarsa. A-kori-kurarsa ta ƙarshe, ƙofa ɗaya da igiya ake rufe ta. Wannan bai taɓa damunsa ba sai in ya je ƙauye wajen mahaifiyarsa. Idanun tsohuwar sun dushe da daɗewa, da hannu take gani. In ya iso sai ta shafa fuskarsa, sannan ta shafa motar daga gaba zuwa baya, kuma babu lotsawar da ke tsere wa tafin hannun nan. Duk inda ta ji rami sai ta ɗan dakata, ta ce ba komai, ai tana tafiya. Wannan "ba komai" ɗin ne ya tsaya masa a rai shekara da shekaru. Abin da yake so a yau guda ɗaya ne: hannun Umma ya bi jikin motarsa tun daga fitila har but, bai ci karo da ko ƙwarzane ba.

Matsalar ita ce hanyar. Ƙauyen yana can cikin tsaunukan Yeongwol, inda ake fasa dutsen siminti, kuma tifofi ne ke safa da marwa a kai suna zubar da tsakuwa. Mai garejin da ke manna wa motoci ledar nan mai kauri wadda ba a ganinta ya ce babu wuri sai mako mai zuwa. Umma kuwa ta riga ta sa an duba mata kalanda, yau ce ranar da iskokai ba sa yawo, yau za a yi wa motar addu'ar hanya. Da ya kira ta ya ce yana tsoron dolppang, wato ɓantarewar da fenti ke yi in tayar wata mota ta harbo tsakuwa, tsohuwar ba ta taɓa jin kalmar ba, sai ta raba ta biyu, dol, wato dutse, da ppang, wanda shi ne burodi. Ta ce in mai laushi ne a taho mata da shi. Sun-deok ta yi dariya har da riƙe ciki, kuma don tsokana ta saya mata burodin.

Suka kama hanya. A babban titi Man-seok ya lafe a layin gefe, duk tifar da ya hango sai ya ja baya har ta zama ɗan ɗigo a gabansa. Ya bayyana wa matarsa cewa tazara ita ce maganin farko, rage gudu na biyu, domin dutsen ba shi da wani ƙarfi, gudunka ne ke kai ka ka same shi. Ta ce ta ji wannan karatun jiya, ta ji shi shekaranjiya, kuma in da ana ba da takardar shaida da tuni ta karɓi tata. Ta zaro dafaffen ƙwai daga jaka. Ya ce ba a cikin motar nan ba. Ta mayar da shi tana masa kallon da ya san zai biya daga baya.

Amma fa duk wannan ƙorafin a baki ne. Tana zaune tana shafa gefen kujerarta a ɓoye, tana danna maɓallin da ke ɗumama mazauni, ta kashe, ta sake kunnawa. Shi ma ya gani, ya yi kamar bai gani ba, yana murmushi shi kaɗai.

Inda kwalta ta ƙare, nan tafiyar ta koma rarrafe. Tsakuwa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin taya, kowace ƙara sai Man-seok ya ji ta a haƙoransa. Wani dattijo a kan tarakta ya biyo su, ya gaji da bi, ya zagaye su. Da ya zo daidai taga ya leƙo ya dubi shuɗin bonet ɗin.

"Gawa kuka ɗauko ne, ko ƙwai?"

"Sabuwa ce, Baba," in ji Man-seok.

"To kafin ku isa ta tsufa."

Sun-deok ta sunkuyar da kai tana dariya ƙasa-ƙasa. Ba ta gama ba sai ga wata tifa ta ɓullo daga kwana, shaƙe da dutse, tana gangarowa da ƙura a bayanta. Man-seok ya gangara gefe, ya taka birki, ya yi wuf ya fita. Ya fizgo bargon da ke kujerar baya, ya shimfiɗa a kan gilashi da rufin motar, sannan ya tsaya a gefenta ya buɗe hannuwa, ya ba tifar baya. Mutum mai jika a hanya, ga tumbi, ga sanƙo, yana kare mota da jikinsa. Tifar ta wuce da rugugi. Wani ɗan dutse ya tashi ya same shi a ɗuwawu, ya yi tsalle yana sosa wurin.

Ya dawo mota yana ɗingishi, fuskarsa fal farin ciki, ya ce wannan da a ƙofa zai sauka. Sun-deok ta dube shi ta girgiza kai.

"Baban Su-a, shekara nawa muna tare, ko ruwan sama ba ka taɓa tare mini haka ba."

"Ke ai ba kya tsatsa," ya ce. Ta kai masa duka a kafaɗa, ta ɓare ƙwanta, kuma wannan karon bai hana ba, sai dai ya miƙa mata leda ta tara ɓawon.

A gindin babbar bishiyar da ke bakin ƙauye ya tsaya. Su biyu suka ɓare salatif ɗin a hankali, ya goge ƙurar da tsumma mai laushi, ya zagaya motar yana karkata kai don hasken rana ya nuna masa abin da ido bai gani ba. Sannan ya rufe idanunsa ya bi ta da tafin hannu, yadda Umma za ta yi. Babu ko ɗigo.

Tsohuwar tana tsaye a ƙofar gida, ta sa rigarta ta zuwa biki, ƙawayenta tsofaffi na kewaye da ita. Ta ce ba ta ji isowarsu ba, wannan motar ba ta tari irin na da. Ta tambayi burodin dutsen nan, Sun-deok ta damƙa mata, ta matsa ta ce ai da laushinsa, ina dutsen yake. Sannan ta shafa fuskar ɗanta, ta ce ya yi ƙiba, ta miƙa hannu a kai ta wajen motar.

Ta fara daga fitila, ta hau bonet, ta bi ƙofar gaba, ta bi ta baya. Hannun nan mai kanta da jijiyoyi yana tafiya sannu a kan baƙin fenti, Man-seok na biye da shi. Ta zagaya but, ta dawo ta ɗaya gefen, har ta iso inda ta faro. Ba ta dakata ko sau ɗaya ba.

"Sumul," ta ce. "Kamar awarar da aka juye yanzu." Ta juya wajen ƙawayenta. "Ku taɓa ku ji. Ɗana ne ya saya, babu wanda ya hau ta kafin shi."

Daɗi ya kashe Man-seok. Ya ji idanunsa sun kawo ruwa, ya juya ya yi kamar yana duba taya. Tsofaffin suka yi ta taɓawa suna barin shatin yatsu a ko'ina, bai damu ba.

Aka fito da ɗan teburi. Aka jera busasshen kifi da aka naɗe da farin zare, da waina, da tuffa. Ya buɗe ƙofofin motar duka, ya durƙusa ya kai goshi ƙasa, Sun-deok ta zuba giyar shinkafa a kan kowace taya. Sai Umma ta ce a miƙo mata kwanon jan wake da gishiri, wanda ake watsawa don korar mugun abu. Waken na gonarta ne, ita ta sussuka shi a tsakar gida, kuma kowa a ƙauyen ya san waken tsakar gida ba ya rabuwa da tsakuwa. Man-seok ne kaɗai ya manta, don zaman birni ya saba masa da na leda. Ya dai roƙe ta ta watsa a ƙasa, wajen tayoyi. Ta ce ta ji, tun kafin a haife shi take wannan aikin.

Ta damƙi wake cike da hannu, ta ja baya, ta yi jifa da ƙarfin macen da ta yi rayuwarta tana noma. Ita a ganinta taya ta nufa. Waken ya sauka a tsakiyar bonet, ya watse yana ƙwanƙwasa, kuma a cikin wannan yayyafin aka ji wata ƙara guda, siririya, ƙas.

Man-seok ya gan shi nan take. Ɗan farin ɗigo, bai kai ƙwayar gero biyu ba, a daidai inda ido ke fara sauka. Kafin ya yi tunani ya riga ya ɗora tafin hannunsa a kai, yana cewa madalla, an gama, a shiga a ci abinci.

"Wannan ba ƙarar wake ba ce," in ji Umma.

Ya ce wake ne, busasshe ne sosai. Sun-deok ma ta ce wake ne. Tsohuwar ta miƙa wa wata kwanon, ta lalubo bonet ɗin, ta bi shi har ta iske hannun ɗanta. Ta ɗan bubbuga bayansa.

"Ɗaga."

Ya ɗaga. Ɗan yatsanta ya sami wurin, ya tsaya, ya zagaya bakinsa. Ya jira ta ce ba komai. Ba ta ce ba. Murnar da ke fuskarta ta zube, ta ce a hankali, ita ta yi, ya taho da ita lafiya tun daga Wonju, ita ta ɓata masa.

Abin mamaki, ganin fuskar nan ya fi masa ciwo nesa ba kusa ba fiye da ɗigon. Ya tuna bargon da ya shimfiɗa a hanya da ɗuwawunsa da har yanzu ke zugi, sai dariya ta taso masa, ya kasa danne ta. Ya yi ta yi har ya jingina da ƙofa. Ya ce tifofin Yeongwol kaf sun gwada sun kasa, sai Umma da ba ta gani ta saita da jifa ɗaya. Ƙawayenta suka kwashe da dariya, ɗaya ta ce ai haka ake so, sabuwar mota sai ta biya ɗan ƙaramin tsautsayi kafin babba ya haƙura da ita, wannan ya fanshe shi daga haɗari. Man-seok, wanda bai taɓa yarda da irin wannan magana ba, ya ce gaskiya ne, shi ma abin da ya sani ke nan. Ya ce ɗigon fenti kaɗan zai sa a toshe don kada tsatsa ta shiga, shi ke nan.

Umma ta share ido da bakin hannun riga. Ta tambaye shi ko da gaske yake, ya ce da gaske. Ya karɓo kwanon, ya kama gwiwar hannunta.

"Saura baya, Umma. Ba a barin aiki rabi."

Suka nufi bayan motar a hankali, yana riƙe mata kwanon da hannu ɗaya, ɗayan hannun kuwa ya nutse cikin waken yana lalube a sace. Ba su yi nisa ba ta tsaya.

"Ina jin yatsunka fa. Tun kana yaro ba ka iya tsintar wake ba. Kawo nan."

Ta ce ƙafafunta sun gaji, a zaunar da ita. Ya kai ta kujerar gaba, Sun-deok ta danna mata maɓallin ɗumi. Tsohuwar ta gyara zama, ta ce kai, wannan kujera tana da kirki. Ta ɗora kwanon a cinya, yatsunta suka shiga aiki, kuma duk tsakuwar da ta tsinta sai ta yar da ita nan ƙasa, a kan sabon kafet ɗin motar. Man-seok ya tsuguna a bakin ƙofa yana kallon su suna taruwa.