Sunan da Ke Kan Lasin

Ɗan sanda ya ɗora bindigar a kan teburin kotun Birnin Kebbi, da 'yar takarda ɗaure a bakinta. Asiya ta gane tsumman da ke naɗe a gindinta, daga tsohon zanenta aka yago shi. Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai.

Bindigar mijinta ce, Riskuwa, manomin shinkafa a fadamar Argungu. Idan shinkafa ta fara nuna, kowa ya san yadda ake yi: a ɗura albarushi zalla, a harba, ƙarar ta kori tsuntsaye. Sai dai a makon da abin ya faru Riskuwa ya ɗura mata harsashi saboda wani gyado da ke tone masa gona. Ya rataye ta a ɗaki, ya tafi kasuwa, bai gaya wa kowa ba.

Da hantsi ƙanensa Kalilu ya shigo.

"Matar yaya, miƙo mini bindiga, tsuntsaye sun gama da ni."

"Ba ya nan. Ka ɗan jira shi mana."

"Yau ni ake cewa in jira a gidanga? Ko an raba gado ban sani ba?"

Da dariya ya faɗa, amma kunya ta rufe ta. Ta shiga, ta ɗauko, ta miƙa masa da hannu biyu.

Da ya je gona zai harba, Kalilu bai ko ɗaga bakin bindigar sama ba, tunda a zatonsa hayaƙi kawai za ta fitar. A daidai lokacin Labbo masunci ya ɗago daga cikin ciyawar bakin ruwa, harbin ya same shi a fuska. Ga shi nan yanzu a bencin gaba, idanunsa biyu ɗaure da farin ƙyalle, matarsa Maimuna na riƙe masa sanda.

Alƙali ya buɗe takardar lasin mai hatimin Sakkwato.

"Riskuwa, sunanka ne a nan. Doka ta hana kowa riƙe bindigar nan in ba kai ba. Wa ya ba Kalilu?"

Asiya ta ɗago kai. In ta yi magana, wataƙila a sassauta masa, a koma kanta. Ta dafa benci za ta miƙe. Riskuwa ya waigo ya dube ta, irin kallon da yake mata idan baƙi na zaure. Ta koma ta zauna.

"Ranka ya daɗe, ni na ba shi da hannuna. Na manta a ɗure take."

Kalilu ya kalli ƙasa.

Aka ba Kalilu shekara biyu, Riskuwa wata tara, bindiga kuma ta zama ta hukuma. Da za a wuce da su Asiya ta matso kusa da mijinta.

"Malam, ai ni ce..."

"Ni na ɗura ta, Asiya. Koma gida, yara na jira."

Motar Argungu ta cika maƙil. Wurin da ya rage shi ne kusa da Maimuna, Labbo na gefenta ya jingina kai da ƙarfe. Aka bar gari. Can Maimuna ta kwance bakin zanenta, ta ɓantari goro ta sa wa mijinta a hannu, ta miƙa wa Asiya sauran.

"Ungo, ɗiyata, tun safe ban ga kin sa komai a baki ba. Ni ban riƙe ki da komai ba. Maza su yi ɓarnarsu, mu da ba mu san hawa ba balle sauka mu ɗauki kayan."

Asiya ta dubi farin ƙyallen da ke idanun Labbo. Ta karɓi goron ta ce, "Na gode, Inna."

Har suka isa Argungu yana cikin tafinta, bai kai bakinta ba.