Lamar da Suka Biya Ni

Motar masu haƙar ma'adinai ta banke jagoran garkena na lama, dabbobin dakonmu masu kama da ƙaramin raƙumi, wanda ya san hanyar kwari inda muke kai gishiri mu musanyo masara. Na yi ta sintiri zuwa ofishinsu har takalmina ya cinye, sannan suka ɗaure mini wata 'yar lama mace a bakin ƙofa.

Na ce wa ma'aikacinsu, "Fermin, wannan fa?"

"Diyyarki ce, Mama Nikolasa. Lama aka kashe, lama muka biya."

"Kai da uwarka ta goya a bayan garke! Yaushe ka ga an ɗora wa mace gishiri? In ba baƙo ba, wa ke cewa lama kawai? Akwai ta haihuwa, akwai na kaya, akwai mai shiga gaba. Mai shiga gaba kuka kashe mini!"

Ya murza ido. "Mama, a wurin manya duk sunan ɗaya ne. In kin ƙi ta, ba wata."

Na so in tofa masa yawu, amma na fasa. Na ja lamar gida.

Jibi ayari zai gangara kwari, kuma dabbobina ba sa tafiya sai da na gaba. In ban je ba, ba masara bana. Don haka na rataya ƙararrawar jagoran a wuyana, ni zan shige musu gaba da waɗannan tsofaffin gwiwoyin nawa. In na dawo da rai, Fermin zai sake ganina.