Akwatin Rezo Cikin Kwanon Habsa

"Na ce maka ba kamarar ba ce!" in ji Basiratu, tana durƙushe gaban robonsu a tsakar gida.

"To ni ne?" in ji Ibrah, abokin karatunta a lise, makarantar sakandare. "Waya mun canza. Lambar adireshi mun duba sau goma. Ki gani, hoto ya sake daskarewa!"

Habsa, uwar Basiratu, tana bakin ɗaki tana tsintar wake, kunne duk shina wurinsu. Robon nan bai hi kaskon suya girma ba, da ƙahwa huɗu na roba da ido guda na kamara. Aikinshi ya hangi jan ƙwallo ya bi shi. Amma sai idon ya aika hoto ga ordinata, na'ura mai ƙwaƙwalwa, ta cikin akwatin rezo mai raba intanet, kahin a ce mishi bi nan ko bi can. Kwana ukku ke nan hoton shina zuwa shina yankewa, robo sai ya tahi ya yi karo da turmi. Ga gasar robo ranar Asabar a Yamai.

Shi akwatin rezon na Abdulgafar ne, babban ɗan Habsa. Shi ya kahwa shi kahin ya tahi Aljeriya neman aiki. Da hwarko kowace Juma'a shina kira, uwa ta ga huskarshi cikin salula. Yanzu damina biyu, shiru. Kowa a Filinge ya sani, amma ba mai tada zancen gaban Habsa.

"Wai ina akwatin yake ma?" in ji Ibrah.

"Ɗakin Inna."

Habsa ta ƙara duƙar da kai ga wake.

Suka shiga, suka bi wayar wuta tun daga bango. Sai ga ta ta ɓace ƙarƙashin murhin babban kwanon ƙarhe, irin na jeren amare, mai zanen hurannin nan. Basiratu ta ɗaga murhi. Ga akwati kwance bisa hular Abdulgafar da tasbaharshi, ƴar koriyar hitilarshi tana ƙihtawa.

"Inna! Cikin ƙarhe? Har da ruhewa? Ta ina rezo zai hita?"

"Abin mutum mai daraja a bar shi hili kaji su hau?" in ji Habsa daga bakin ƙohwa. "Ina buɗe shi in na shigo, in gaishe shi."

Ibrah ya kama baki kar dariya ta kubce. Ashe lokacin da hoto ke zuwa, Habsa ce a ɗaki ta buɗe murhi tana kallon hitilar.

Suka ɗora akwatin bisa taga. Nan take hoto ya zo tar, robo ya bi ƙwallo har gindin randa bai taɓa komai ba. Yara suka yi ta tsalle. Habsa ba ta yi ba, don ta ji abin da Ibrah ya ce: jibi za su tahi da akwatin Yamai, duk saitinsu cikinshi yake.

"Ba inda za shi," in ji ta. "In ya kira hwa?"

"Inna, salula zai kira, ba akwati ba."

"Ta nan muryarshi ke shigowa. Ni na gani da idona. Duk sadda ya kira, hitilar nan rawa take."

"Inna Habsa, kwana huɗu ne kaɗai," in ji Ibrah a hankali.

"Kai ruhe mani baki, ɗan Delu. Uwarka ɗiyanta duka suna gabanta."

Basiratu ta juyo, idonta ya cika da hawaye. "Damina biyu bai kira ba, Inna. Ni ina gabanki. Wata shidda ina haɗa abin nan, ko sau ɗaya ba ki tambaye ni mi yake yi ba."

Habsa ta daɗe tana kallon koriyar hitilar, tana ƙihtawa kamar mai numhwashi cikin barci. Ta tuna yadda yake cewa, "Inna, matso da salular, goshinki kaɗai nike gani."

Ta sa hannu ta zare wayar da kanta. Hitila ta mutu. Ta ɗauko hular daga kwano, ta naɗe akwatin ciki, ta danƙa ma ɗiyarta.

"Kuna isa ki kunna shi. In hitilar ta yi rawa, ki ce mishi ina nan lahiya."

"Inna..."

Habsa ba ta tsaya ji ba. Ta ja mayahinta, ta tsallake robo, ta hita, ta banko ƙohwar langa-langa har kaji suka watse.