Gaisuwa a Tsakiyar Hawa

Tun da Arzika ya sayi tsohuwar jif ɗinsa, mai jan tayoyi huɗu, bai taɓa hawan abin da ya fi kwalbatin ƙofar gidansa a Jega tsawo ba. Amma a majalisa cewa yake ko bango sai ta hau.

Sai ga suna ya tashi gidan surukinsa, Malam Gado, a wata tunga bisa dutse can bayan Maiyama. Matar Arzika, Gudiya, ta riga shi tafiya a babur. Shi kuwa ya loda buhunan albasar Aliero, gudummawa, ya biya wurin Tamu makanike.

"Sa ƙaramar giya tun daga ƙasa," in ji Tamu. "In ka kama hawa, kak ka tsaya. Ko ubanka ka gani."

Tamu bai ambaci suruki ba.

Hanyar turbar shanu ce, duk marmara da zaizayar ruwa. Jif ta kama gurnani, tana dafa dutse tana ɗagawa, hancinta na kallon sama. Arzika ya riƙe sitiyari yana salati, har ya fara tsara yadda zai ba da labari.

A daidai inda hawan ya fi tsayuwa, sai ga Malam Gado tsaye da sandarsa.

Shekarun baya, yana ango, Arzika ya taɓa gaishe shi da hon daga kan babur. Har yau in tsohon zai ambace shi cewa yake "mai hon ɗin nan". Wani hon ɗin kuma, sai dai jikoki su gaji sunan.

Ya taka burki, ya ja na hannu, ya fito ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

A bayansa wani abu ya yi ƙiiƙ.

"Ina mutanen Jega?"

"Suna lahiya."

Tsakuwa ta fara ƙara ƙarƙashin taya. Arzika bai waiwaya ba. Tsohon, wanda ke fuskantar motar sosai, ya tambayi kasuwa, ya tambayi damina, ya tambayi ƙafar gwaggon Arzika. Buhu ya fashe, albasa ta bi gangara kamar an tashi makaranta.

"To madalla. Ina mota?"

"Lahiya lau, Baba."

"Awo. Ga ta can ta tahi."

Ta tafi ɗin, da baya, a natse, har ta zauna cikin yashin rafi kamar wadda ta gaji da zancen.

Malam Gado ya daɗe yana dubanta. Sannan ya juya ya ƙwala wa mutanen tunga kira.

"Ku kawo shanun huɗa da igiya! Motar Arzika ta sauka."

Arzika, yana durƙushe, ya ji sunansa a bakin tsohon karo na farko. Ya nemi takalminsa yana murmushi. Ɗaya ya bi albasa.