Ƙarfen Ɗaukar Baffa

Muntaka ya kai shekara arba'in da ɗaya bai taɓa ɗaga abin da ya fi jakar fayil nauyi ba. Akawu ne a ma'aikatar gona, cikin waɗanda aka kwaso daga Kano aka zube a Dutse lokacin da aka yanke Jigawa. Siriri ne mai tabarau, wanda ko ragon layya sai maƙwabta sun zo sun kayar masa. Bai taɓa jin kunyar haka ba, sai shekarar da ɓarin jikin mahaifinsa ya shanye.

Bayan girbi abin ya faru. Malam Mika'ilu, wanda 'ya'yansa ke kira Baffa, ya faɗi a bakin rumbu can Buji, aka ɗauko shi zuwa gidan Muntaka a unguwar Yalwawa don ya riƙa zuwa gashi a asibiti. Duk wata ɗawainiya ta ɗauka da saukewa, daga gado zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa mota, tana wuyan Abdulrauf, ƙanin Muntaka, ɗan sanda mai ƙirar ƙarfi. Ana cikin haka takarda ta zo, an mayar da Abdulrauf Fatakwal, nan da wata biyu zai tafi.

Baffa ya faɗi tasa da karkataccen bakinsa, bai kuma ƙara ba: wanda ba jininsa ba, ba zai ga tsiraicinsa ba. In babu mai ɗaukarsa a gidan, a mayar da shi Buji ya ƙarasa a ɗakinsa. Kowa ya san a Buji babu gashi, babu likita, sai matarsa, tsohuwa Iyatu, da ita ma ake riƙewa.

Ga shi kuma Muntaka ɗan fari ne. Gidansu gidan Fulani ne, ko da shanun sun ƙare, kunyar tana nan. Tun da aka haife shi Baffa bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa dafa kansa ba, ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba. Wata rana Muntaka ya gwada ɗaukarsa. Ya ɗago shi daga gado, ƙafa ta ƙi, suka zube tare, gwiwar tsohon ta daki siminti. Baffa bai yi ko tari ba. Ya juya fuska ga bango, ya jira Abdulrauf.

Wannan shirun ne ya kai Muntaka unguwar Takur ranar Asabar, rumfar wani mai walda da ake kira Nata'ala, tsohon ɗan dambe wanda samari ke zuwa ya haɗa musu ƙarfen ɗagawa. Muntaka ya wuce rumfar sau biyu kafin ya iya tsayawa. A wancan lokacin ɗaga ƙarfe aikin zauna-gari-banza ne a idon mutane, ba na magidanci mai 'ya'ya huɗu ba.

"Yallaɓai, ƙofa ce ko taga?" in ji Nata'ala.

"Ƙarfen ɗagawa nake so."

Nata'ala ya dube shi daga hula har takalmi. Ya so ya yi dariya, amma da ya ga idon mutumin sai ya haɗiye ta. Ya nuna masa abin da ke akwai. Ga na siminti, gwangwanin fenti biyu da bututu a tsakani, wanda damina ɗaya take farfasa shi. Ga wani da aka liƙe wa faifan injin tsohuwar mota hagu da dama, nauyinsa ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Sai na uku, sandar ƙarfe mai noti a baki, da fayafai da ake zurawa a cire.

Muntaka ya nuna na tsakiya. "Irin wannan. A liƙe shi daidai nauyin mutum."

"Wane mutum?"

"Mahaifina."

Nata'ala ya ajiye abin da ke hannunsa. "Subhanallahi. Kwance yake?"

"Kwance yake."

"Allah ya ba shi lafiya. Kilo nawa zai yi?"

Muntaka ya shiga lissafi. Ina zai sani? Ba a ɗora uba a sikeli kamar buhun gyaɗa. Abin da ya zo masa shi ne Baffan da ya sani yana yaro, daga nesa kamar kullum, ya riƙe ƙahon bijimi ya murɗe shi har ƙasa don a yi masa lamba. Wannan mutumin ya auna a ransa.

"Tamanin," ya ce. "Ko ya fi."

"To, Yallaɓai, in na liƙe maka tamanin, gobe kai ma kana kwance kusa da shi." Nata'ala ya share bencinsa ya miƙe a kai, ya saki jiki. "Zo ka ɗauke ni."

Muntaka ya duba titi, ya tattare babbar riga, ya sunkuya. Ko motsi mutumin bai yi ba.

"Ka gani? Da baya kake ɗauka. Durƙusa, manna ni a ƙirjinka, ƙafa ce za ta tashi da mu. Ƙarfe zai ba ka ƙafa da hannu, amma ka sani ƙarfe ba ya jin zafi. Shi zai ji."

Na uku ya saya, sanda ɗaya da fayafai takwas masu kilo goma-goma. Aka ɗaure su a bayan kurar ruwa aka tura masa har Yalwawa, yara na kallo.

Ya kafa su bayan ɗakin girki, inda Baffa ba zai gani ba. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya tuɓe riga ya fara. Makon farko da fayafai biyu ya yi fama, har matarsa Kubura tana gasa masa kafaɗa da ruwan zafi. A ofis biro ya riƙa suɓuce masa, abokan aiki suna tambaya ko dambe zai shiga bana. Bai kula su ba. Tsoro ne fal cikinsa, ba na ciwon baya ba, na ranar da zai sake zubar da mahaifinsa. Ya kai fayafai huɗu. Cikin mako na bakwai ya kai shida, da ƙyar. Biyu na ƙarshe suna jingine da bango, kaji na hawa kansu.

Ranar Laraba Abdulrauf ya tafi. A bakin mota ya riƙe hannunsa ya ce, "Yaya, in abin ya gagara, kada ka matsa wa kanka." Muntaka ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Da hantsi Kubura ta kai ruwan wanka ta ja yara zuwa maƙwabta. Muntaka ya yi sallama a ƙofar ɗakin, ya shiga kansa a ƙasa. Saura kilo ashirin bai kai ba, shi kaɗai ya san haka. Ya durƙusa yadda aka koya masa, ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya ƙarƙashin gwiwa, ya yi bisimilla, ya yunƙura da dukan ƙarfinsa.

Saura kaɗan ya faɗi ta baya. Tsohon ya taso a hannunsa kamar damin kara. Ta cikin riga yana jin haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, da ƙashin baya da ke sokar damtsensa. Wannan bai kai fayafai shida ba, da wuya ma ya kai biyar. Wata biyu yana bayan ɗakin girki yana ƙara ƙarfe, a cikin ɗaki kuwa mutumin ƙarewa yake, shi kuma kunya ba ta bar shi ya ɗaga ido ya gani ba.

Ya tsaya tsakiyar ɗaki da mahaifinsa a ƙirji.

Baffa yana kallon rufin kwano. Ashe kullum yana jin ƙarar ƙarfen ta bango. Ya motsa baki da ƙyar.

"Kai wannan," ya ce, "ƙarfen naka ya yi amfani."

"Ya yi, Baffa," in ji Muntaka.

Ya juya da shi a hankali don kada ƙafarsa ta bugi ƙyaure, ya nufi banɗaki kafin ruwan ya huce.