Ya Sha Ruwa

"Miƙa masa mu gani," in ji maigidana Abdulgani, yana tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje saboda ko-ta-kwana.

Hawaou ta miƙa wa mijinta Saliou kofin ruwa. Saliou ya karɓa ya shanye tas, ya ce a ƙaro. Nan take tsakar gida ta kaure da hamdala. Mu a gidan hayarmu na unguwar Nombakélé iyakar likitancinmu ke nan: wanda haukan kare ya kama tsoron ruwa yake yi, wanda ya sha ruwa kuwa ya tsira.

Saliou mutumin Garwa ne, ɗakinsa na jikin nawa. Duk Bahaushen da na sani a Libreville, in ba shago ba to tebur a kasuwar Mont-Bouët. Shi kaɗai ya ware ya kama aikin kula da birai a wani gidan namun daji da ke bayan gari. Sarkin Birai nake kiransa. Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Yaya Kulu, talakawana sun fi naku jin magana."

Duk shekara ana yi wa biran allurar rigakafin haukan kare, shi ke riƙe su. A wannan karon akwai wani ƙaton baƙon biri da aka kawo daga daji, ba a taɓa yi masa ba. Shi ya gantsara wa Saliou cizo a hannu, ya kuma maka shi da ƙarfen keji, ƙugunsa ya bugu. Ya dawo gida yana ɗingishi, hannu a naɗe.

"An wanke, an yi mini pikir," ya ce mana, yana nufin allura. "Ni kaina ina da rigakafi tuntuni. Ku kwantar da hankalinku."

Wa ya ji? Kowa idonsa na kan hannun. Da ƙafar hagu ta ƙi miƙewa, cinyar ta mutu har ana mintsininsa ba ya ji, sai unguwa ta ce ai haka ciwon yake farawa. Aka ce a yawu yake tafiya. Aka ce a raba shi da Madina, 'yarsu ɗaya tilo, wadda a lokacin ta fara tafiya. Hawaou ta kawo mini ita da ƙullin kayanta tana kuka.

Wannan ne ya fi ci masa rai, ba ƙafar ba. Mutum ne da ko takalmi ba ya cirewa in ya dawo aiki sai ya ɗaga yarinyar nan sama. Yanzu tana ɗakina, bangon katako ne kawai tsakaninsu, yana jin muryarta tana jin tasa.

Wata rana da hantsi na leƙa da koko. Yana kwance a takure, gwiwa a lanƙwashe, leɓensa ya yi fari.

"Yaya Kulu, ki kawo mini ita. Ko ƙafarta in taɓa."

"Haba Sarki, ka bari ka miƙe. Ai ba gudu za ta yi ba."

"Wallahi ba hannun ba ne. Nan ne," ya dafa ƙugunsa. "Kamar an cusa mini dutse."

"Baban Madina, ka yi haƙuri," in ji Hawaou. "In wani abu ya same ta, me zan ce? Mu je lopital dai, likita ya duba ka."

"In na je can ɗaure ni za su sa a yi, tunda kowa ya ce na haukace. Ba ni ruwa."

Ta ba shi. Ya sha, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Muka kalli juna ni da ita muna murmushi. Na fita ina ba mata labari cewa yau Sarki ya kusa shanye randa, sauƙi ya samu.

Washegari da safe ya yunƙura zai yi alwala ya zube. Abdulgani ya taro taksi, aka ɗauke shi kamar tsumma. Na bi su, na bar Madina wajen matan gida.

Likitar da ta karɓe shi ko kallon cizon ba ta tsaya yi ba. Ta danna cikinsa, ta tambayi Hawaou da Faransanci ko yana shan wani magani. Hawaou ta ce yana shan na tsinka jini, saboda zuciyarsa. Aka shige da shi da gudu.

Kafin la'asar likitar ta fito ta zaunar da mu. Ta ce babu haukan kare ko ɗigo a jikinsa. Tun ranar da ya bugu jini ke tsiyaya a cikinsa, ya taru a ƙugu ya danne jijiyar da ke sauka cinya, shi ya kashe ƙafar.

"Amma yana shan ruwa," in ji Hawaou. "Sosai yake sha."

"Wanda jininsa ke ƙarewa ƙishirwa yake ji," in ji likitar a hankali. "Mun yi iya yinmu."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan yammacin ba. Hawaou ba ta yi ihu ba. Cewa kawai ta yi, "Ashe da ya taɓa Madina ba komai."

Aka kawo shi gida, aka yi masa wanka da sutura a ɗakinsa. Maza suka yi cirko-cirko a tsakar gida da makara, ana yayyafi, liman na duban sama. Sai Hawaou ta shigo ɗakina ta ɗauki Madina. Abdulgani ya matsa mata daga bakin ƙofa.

Ta shiga ɗakinsu ta durƙusa ta ɗora yarinyar a kan ƙirjin Saliou. Madina ta shafa farin likkafanin, ta ɗan bubbuga shi da tafin hannunta, ta jira. Da ba a ɗaga ta ba, sai ta kwantar da kumatunta a kai ta sa yatsa a baki. A waje ruwan ya ƙara ƙarfi a kan kwano, babu wanda ya ce a yi sauri.