Tagar da Ke Kallon Ruwa

Matakalar ta hau sama lafiya lau, ta je ta tsaya a jikin bango. Sagir ya dafa bangon, ya dubi hoton da ke wayarsa, ya sake duban bangon. A hoton, ƙofa ce a nan.

"Malam Mati, ina ƙofar?"

"Tana nan, Yallaɓai," in ji maginin, yana goge hannu a riga. "Ta baya ake shiga yanzu."

Gidajen shaƙatawa ne aka yanka a can bayan Ƙofar Sauri, da zanen da aka kwaso daga wata ƙasa ta bakin teku: bishiyoyin kwakwa, kwarmin ninƙaya, da wata ƙatuwar tagar gilashi mai kallon ruwa. Tagar nan ce ta tafi da hankalin Sagir, har ya shiga layin masu saye. Aka ce masa kafin damina zai karɓi makulli. Damina ta zo ta wuce, ta dawo ta sake wucewa, 'yan kwangila na ta sauyawa, ranar aurensa da Fadila na ta matsawa gaba. Ƙarshe mahaifinta ya gaji. Ya ce yau gwaggonninta za su zo ganin ɗaki. In suka ce bai yi ba, a zo a kwashe kayan sa rana.

Abin da ya ɗaure wa Sagir kai shi ne, babu maginin da ya ce ya yi kuskure. Kowa gyara ya yi, don Allah. Na farko ya tarar banɗaki na fuskantar alƙibla, ya yi a'uziyya ya juya shi, ƙofarsa ta koma cikin falo. Na biyu ya ce gida ba zaure ai kasuwa ce, ya gina zaure, zauren ya cinye hanyar bene. Mati kuwa ya ga rufi ba indararo, ruwa na kwanciya yana tsaga bango, sai ya huda ya sa guda, bakinsa ya saitu da kwarmin ninƙaya. Taga kaɗai ta tsira yadda take a hoto.

Wajen la'asar Gwaggo Talatu ta sauko daga Keke Napep, da igiyar awo a hannu da ƙannenta a baya. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da mutanen gida. Sagir ya bi su a baya yana shirya haƙurin da zai bayar.

Gwaggo ta tsaya a zaure. "Madalla. Baƙo ya tsaya nan."

Ta leƙa banɗaki, ta dubi inda rana take, ta gyaɗa kai. "Mai ginin nan ya yi karatu."

"Gwaggo, ƙofarsa fa cikin falo take," in ji Sagir, da kansa yana tona aibin gidansa.

"To, mi ya yi? A sa labule."

Da suka zo matakalar da ba ta zuwa ko'ina, wata daga cikin ƙannen ta ce ai nan za a jera kwanoni, hawa-hawa, kowa ya gani. Suka auna ta da murna. Sagir ya rasa ko dariya zai yi ko godiya.

Ta baya suka zagaya zuwa ɗakin amarya. Gwaggo na shiga ta ja da baya, ta rufe fuska da mayafi. Hasken tagar gilashin ya cika ɗakin, ana hango har leburorin da ke kwaɓa siminti a gidan gaba, su ma suna hango su.

"Nan za ka aje mana ɗiya? A waje?"

"Gwaggo, ai wannan ita ce daidai. Ga hoton..."

Ba ta ko kalli wayar ba. Ta naɗe igiyarta. "Gida ya yi, ban da wannan. In an toshe, gobe mu zo jere. In ba a toshe ba, ka san abin da ubanta ya ce."

Bayan tafiyarsu Mati ya ce bulo akwai, amma yaransa sun tashi, sai wani mako.  Sagir ya tuɓe babbar riga, ya ce a nuna masa yadda ake kwaɓi.

Suna cikin jera bulo hadari ya haɗo daga gabas. Da ginin ya kai wa Sagir ƙirji ruwa ya sauko, indararon Mati ya shiga kwarara cikin kwarmin da bai taɓa ganin ɗigo daga famfo ba. Sagir ya tsaya da bulo a hannu yana leƙe ta gurbin da ya rage. Ruwan na taruwa, yana ƙyalli, kusan kamar na hoton.

"Yallaɓai," in ji Mati, "siminti na bushewa."

Sagir ya ɗora bulon.